Littafin Ma'aji a Daren Litinin

Babura huɗu a bakin zare,
ba birki, giya guda ɗaya tak.
Ni ina sama, a ɗakin katako mai yoyo,
da kalkuleta da shayin da ya huce,
ina ƙirga kawunan da suka shigo ta ƙofar Maureen.
Ɗari shida da goma sha ɗaya.
Sha biyu, in an sa karen Alf.

Asabar ce ranarmu tun kafin in san Grimsby.
Masu gyaran kifi su fito da albashi a aljihu,
yara a wuya, ƙaurin mai a hanci.
Sai masu talabijin suka ce Asabar ta ƙwallo ce,
ku ɗauki Litinin.
Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.
Muka wasa aska.

Yau sun zo da manyan motoci uku,
sun shimfiɗa wayoyi kamar hanjin sa.
Wata mai na'ura a kunne ta ce mini,
Sallau, kwaso mutanen bencin gabas
ka cusa su gefe guda,
kada kyamara ta ga kujerun wofi.
Na kora tsofaffi sittin da bargunansu.
Daga nesa, wallahi, mun yi kama da masu arziki.

Injuna sun yi zafi, mahaya na taka ƙasa,
alƙalin tsere ya ɗora yatsa bisa maɓalli,
amma ba mai motsi
sai tallan inshorar mota ya ƙare.

Hukuma kuwa a otal take zama, cikin Nuwamba.
Masu kulob su ne alƙalan kansu,
an ba kura ajiyar nama, an ce ta rubuta rasit.
Suka ce kada wata ƙungiya ta fi wata ƙarfi,
suka yanka mana iyakar maki.
Callum Thackray, da muka raina tun yana sha biyar,
ya ci maki fiye da kima, sai muka sallame shi.
Laifinsa iyawa.
Yanzu yana Poland,
dare ɗaya can ya fi watanmu nan.
Yana turo mini hoto. Ba ya ma gatse.

Ga abin da kyamara ba ta ɗauka:
motar asibiti, a biya ta ko ba wanda ya faɗi,
jar ƙasa tan arba'in,
katangar iska mai faci goma sha bakwai,
dizal na tarakta,
da ranar da sama ta tsage ƙarfe shida da rabi
na mayar wa kowa kuɗinsa ta taga,
fam bayan fam,
ina murmushi kamar mai rabon goron suna.

Mista Pickersgill ya jinginar da garejinsa.
Matarsa ba ta sani ba. Ni da banki muka sani.
Ran Laraba na ga mutum biyu da rigar rawaya
suna awon filin ajiye motoci.
Gidaje tamanin, in ji mai shara.

To.
Zare ya tashi.

Ja, shuɗi, fari, rawaya,
suka faɗa kwana a karkace, kafaɗa na gugar kafaɗa,
ɗan Maureen a waje, shekara sha tara,
ƙafar hagu na share ƙasa da takalmin ƙarfe,
ya ƙi sassauta hannu inda mai hankali zai sassauta.
Zagaye huɗu. Minti ɗaya.
Ban san sa'ad da biro ya faɗi ba,
ban san da wane harshe na yi ihu ba.

Tsakuwa ta shigo ta fasasshen gilashi
ta zauna bisa littafi,
daidai kan layin da na rubuta da jan tawada.
Ban kakkaɓe ba.
Na rufe shafin da ita a ciki.
Saura tsere goma sha huɗu,
kuma ba a biya mai lantarki ba.