Awa Biyu Bayan Tuwo

Shekara talatin da tara ina riƙe da tiya
a bakin rumfa, can wajen Ƙofar Ƙaura,
in zuba gero, in shafe, in ƙara gyara.
Yau ga ni a zaure, ni ake aunawa:
allura a ɗan yatsa, ɗigon jini ɗaya,
da 'yar na'urar da ba ta san gyara ba,
ba ta jin "haba Malam Isuhu, duba mana",
abin da ta gani shi take faɗa.

Sha huɗu, bayan tuwon shinkafa.
Sha shida ranar suna a gidan Rabe,
ranar da waina uku suka bi ni gida cikin aljihu.

Likita ta zana mini a bayan takardar magani:
in ka ci, sukari yakan taso kamar ayarin fatake,
ya cika titunan jini, kowa da kayansa.
Insulin shi ne Sarkin Ƙofa mai mabuɗi,
ya buɗe gidaje, baƙi su shiga su sauke.
Naka, in ji ta, ya gaji, ƙofofin kuma sun yi tsatsa.
Na ce, ashe ni da shi sa'annin juna ne.

Sai Barira jikata ta dawo daga jami'a
da gora a naɗe cikin zane kamar jinjiri.
Ruwan tsamiya ne da 'ya'yan kuka,
ya kwana biyu a inuwa,
a cikinsa, wai, akwai rai,
ƙananan halittun da ido bai kai gare su ba,
su rage zaƙin kafin ya iso gare ni,
sannan su sauka hanji su kafa unguwa.
Tsahara ta shinshina, ta yamutsa fuska:
"Wannan ai kindirmo ne ya yi ɓatan hanya."

Na sha. Tsami ya kashe mini haƙora.
Muka zauna jira, ni da yarinya da agogon bango,
har ladan ya gyara murya don la'asar.

Sha ɗaya.

Barira ta yi tsalle. Ni ban yi ba,
mai awo ba ya yabon buhu daga tiyar farko.
Talata sha uku. Laraba goma da rabi.
Juma'a ta mayar da mu sha huɗu,
muka rasa wa za mu tuhuma,
gorar ce, ko dankalin rana,
ko takardar kuɗin wuta da ta hana ni barci.

Rabe ya ji labari, ya tafi kanti
ya sayo kwalba mai hoton mangwaro,
ita ma an ce da rai a cikinta.
Ya kwankwaɗe biyu bayan taliya,
na'urarsa ta faɗi abin da ba zan maimaita ba.
Barira ta karanta ƙananan rubutun gefe,
ta ce sukarin ciki ya fi na shayin Mudi.
Kama da wane, dai, ba ta wane.

Ban ajiye ƙwayar likita ba, ta ce kar in soma.
Bayan isha'i nakan taka har gindin Gobarau in dawo.
Tsohon littafin bashina na rumfa
shi muke cikawa yanzu, layi bayan layi:
abin da na ci, abin da na sha, abin da jini ya ce.
Yarinya ta ce shafi ashirin ba hujja ba ne.
Na ce na sani,
na sha ganin damina ta yi alkawari a watan farko.

Ba na roƙon fatake su daina zuwa,
wa zai rayu a garin da ba ciniki?
Su dai zo jaki ɗaya bayan ɗaya,
tsohon nan na cikina
ya samu ya laluba mabuɗi.