Minti Bakwai

A bakin layin dogo, can Sabon Gari,
inda Malam Tanimu ke baza littattafai kan buhu
kamar mai shanyar kuɓewa,
nan Barira ta tsinto shi,
bango a yage, kunnuwa a lanƙwashe.
Ya ce ɗari biyu, ta ce ɗari da hamsin.

Shekarunta sha ɗaya.
Ta hau bencin shagona, ƙafa na lilo,
ni kuwa gilashi a ido,
ina tonon hanjin agogon wani.

"Baba, ka ji.
Zariya ce, amma ta bayan shekara ɗari.
Mota ta daina taɓa kwalta,
kumbo na tashi daga ƙwanƙolin Kufena,
zuwa duniyar wata kamar zuwa Samaru.
Sai dai kullum tsakar dare
minti bakwai na ɓacewa daga kowane agogo,
babu sawu, babu ƙura."

Na ce, "Uhm."
Abin da na iya ke nan.

Ta lissafa mini waɗanda ake zargi:
mutum-mutumin ƙarfe mai gadin gadar Kubanni,
ya rantse bai motsa ba, ga laka a dugadugansa;
wani malamin kimiyya mai tsoron madubi;
da tsohuwa mai ƙosai
wadda inuwarta ke isowa a makare.

Daren nan fitilar wayata ta ƙare a hannunta.
Da safe na same ta ido ja.
Shafi na casa'in da huɗu ya ce,
"Sai ƙofar ta buɗe, suka ga"
daga nan gara ta karɓi labarin,
ta cinye ɓarawon, ta cinye dalilinsa,
ta bar zare da busasshen gam.

Ta koma wa Malam Tanimu.
Ya ce, "Yadda na saya, haka na sayar."

Kwana uku ba ta yi wa kowa dariya ba.
Littafin rasit ɗina ya ɓace,
biro ma ya bi shi.
Nakan ji ta a soro tana tuhumar iska:
"In ƙarfe ne, me zai yi da lokaci?
Tsohuwa kuwa, ai ita aka yi wa satar."

Ran Asabar ta tsaya a gabana,
ta juya bayan rasit, ta gyara murya.
"Ɓarawon mai gyaran agogo ne.
Shi kaɗai ya san ƙofar da lokaci ke fita.
Yana zuba mintocin a gwangwanin madara,
tare da ƙananan kusoshi."

Na dubi gwangwanina. Na ce, "Don me?"

"Nan ne na daɗe.
A littafi ba a kama mutum babu dalili."
Ta lashi yatsa, ta buɗe rasit na ƙarshe.
"Tari yake yi.
In sun cika yini guda zai rufe shago,
ya kai 'yarsa ta hau Kufena.
Na yi lissafi: dare ɗari biyu da shida,
har da canjin minti biyu."

Ƙaramin jirgin 'yan koyo ya ratsa sama
da gurnaninsa na kullum.
Agogo goma sha tara a bangona,
kowanne da ƙaryar da yake faɗi,
yau ne na ji sun haɗa baki.

Na cire gilashin.
Idon ya yi ruwa, na ce haske ne.
Azahar ba ta yi ba na jawo ƙyaure.
Maƙwabcina mai ɗinki ya leƙo: "Lafiya?"
Barira ta riga ni:
"An kama shi ne. Ya amsa laifinsa."