Mai Tsaron Ƙofar Ruwa

Shekara talatin da takwas babana Wiebe
yana tsaron ƙofar ruwa a Makkum, ƙasar Holan,
inda gonaki ke kwance ƙasa da teku,
ganuwa kaɗai ta raba saniya da kifi.
Ya san muryar kowane famfo.
In ɗaya ya yi tari da tsakar dare,
kafin waya ta yi ƙara ya sa takalmi.

Yanzu ruwan ya biyo shi gida.

Da takalmin ya fara.
Baba ya ce fata ce ta ƙanƙance, ya zagi mai shago.
Na danna yatsa a ƙwaurinsa, na ɗaga,
ramin ya tsaya
kamar sawu a laka bayan teku ta janye.
Ni da shi muka zuba masa ido. Ya ƙi cikowa.

Likita Hoekstra ta jawo takarda ta zana:
ɗaki huɗu, biyu sama, biyu ƙasa.
Na dama su tura jini huhu ya sha iska,
na hagu su karɓa su raba wa jiki
tun daga ƙwaƙwalwa har ɗan yatsan ƙafa.
Tsakanin ɗaki da ɗaki akwai marfi,
ya buɗe gaba, ya rufe baya,
sau dubu ɗari a yini, ba hutun Lahadi.
Ta ce, naka na hagu ya saki, ba ya rufuwa ruf.
Duk bugu ɗaya wani jinin sai ya koma inda ya fito,
ya yi cunkoso, ya matsa wa huhu,
har ruwa ya tsattsafo a mazaunin iska.
Ƙoda kuwa, baiwar Allah,
ta ga rabonta ya ragu, ta zaci fari ake yi,
ta riƙe gishiri, ta riƙe ruwa.
Gyaran gangar Auzinawa.

Baba ya karɓi biron daga hannunta,
ya ƙara kibiya ɗaya a zanen.
Ya ce, yoyo ne, na san shi.
Ba ya zuwa da ihu.

Kullum da safe, kafin shayi, ma'auni.
Ina rubuta kilo a bayan kalanda
kamar yadda yake rubuta tsayin ruwa a dā.
Tamanin da ɗaya. Tamanin da ɗaya da rabi.
In ya haura biyu cikin kwana uku, in kira asibiti.
Farar ƙwaya ƙarama tana kai shi bayi sau shida kafin rana ta take,
yana tafe yana mita, wai an mai da shi magudana.
Na ɓoye tulun gishiri a bayan garin fulawa.
Ya gano. Na sāke wuri.
Kifin gishirin da ya ci tun yana yaro
yanzu sai dai ya tsaya gaban rumfa ya shaƙi ƙamshi.

Matashi uku yake kwana a kai,
don in ya miƙe, tekun cikinsa ma miƙewa take.
Nakan tsaya a bakin ƙofa ina ƙirga numfashi,
in ɓata lissafi, in sake.

Sun ce in sanyi ya wuce za su duba ko marfin zai ɗinku.

Jiya muka hau ganuwa. Matakala goma sha tara,
ya huta sau uku, bai yarda hutu ba ne,
wai jiragen ruwa yake kallo.
A sama iska ta cika mana baki.
Can ƙasa famfon yana ta aikinsa a hannun wani yaro.
Baba ya karkata kai, ya saurara, ya daɗe,
ya ce, Aukje, na biyun nan yana son mai.
Sannan ya kama hannuna ya ɗora a ƙirjinsa,
ta cikin rigar ulu,
ya ce, wannan fa, me kika ji?