Saura Ɗaya

Garinmu ko a taswira sai an ƙura ido:
dogon rumbun alkama, coci biyu, gidan mai guda,
jirgin ƙasa na wuce mu ko sallama babu.
A nan, Dakota ta Arewa, inda sanyi ke cizo har ƙashi,
Malam Hagen ya yi shekara talatin da huɗu
da usur a wuya.

Shi ne malamin motsa jiki, shi ne koci,
shi ke jan bas in mura ta kada direba,
ya ja layin fili da farar ƙasa tun duku-duku,
ya kwashe ƙanƙarar bakin ƙofa,
ya ɗaure targaɗe, ya raba faɗa,
ya kashe fitilun zauren wasa bayan an watse.
Albashin dai na mutum ɗaya ne.

Ni ce wutsiya.
Kowane zagaye, kowace shekara, ni ce a baya,
ƙirjina na kukan tsohuwar ƙofa,
'yan ajinmu har sun sha ruwa sun miƙe ƙafa.
Shi kuwa yana gefena, yana sassarfa da gwiwarsa mai ciwo.
Bai taɓa ce mini in yi sauri ba.
Abin da yake faɗa ke nan: "Lorna, saura ɗaya."
Ƙarya yake, saura uku.
Na sani, ya kuma san na sani.

A ofishinsa mai warin roba da man zafi
akwai wani akwatin takalma, wai na mantuwa.
Sai da na girma na lura
mantuwar nan kullum daidai take
da ƙafar yaron da banki ya karɓe gonar ubansa,
kuma tafinta bai taɓa taka ƙasa ba.

Kofi kam bai taɓa ɗagawa ba.
Sau ɗaya 'yan matansa bakwai suka kai wasan ƙarshe na yanki,
ina bakin tebur, ni ce mai rubuta maki.
Ƙwallon Marlis ya zagaya bakin kwando
kamar mai neman shawara,
ya faɗo waje.
Mil casa'in muka yi a bas babu mai ko tari.
Ya tsaya a wani shago mai ƙwan fitila ɗaya,
ya zazzage aljihu ya sai wa kowa shayi,
ya ce, "Litinin, ƙarfe shida. Kar wadda ta makara."

Daga nan yara suka yi ta raguwa kamar gishiri a ruwa.
Manyan gonaki suka haɗiye ƙanana,
iyalai suka ɗaure kaya sai Fargo,
aka sa wa makaranta kwaɗo.
Yau buhunan taki ne jibge a ƙarƙashin kwandon.

Bara, a asibitin gunduma,
inda nake koya wa ƙafafun da suka manta tafiya,
aka turo mini shi a keke.
Ɓarin jikinsa na dama ya yi yaji ya bar shi,
harshen da ke cika fili ya koma dutse.
Na tsai da shi tsakanin sandunan ƙarfe biyu.
Taku huɗu, gumi ya jiƙa rigar.
"Mai da ni kujera," in ji shi. "Na gama."

Na sa kafaɗa a inda ya saba tsaya mini.
Na ce, "Malam, saura ɗaya."

Ya daɗe yana kallona.
Sai rabin bakin nan mai rai ya motsa.
"Nawa ne na gaskiya?"
"Shida."
"Lorna," ya ce, "kin fi ni ƙarya."

Ya ciji leɓe.
Ya ɗaga ƙafar.