Mai Ɗinkin Littattafai

Aikina ɗinkin littattafai ne
a ɗakin karatun makarantar tauhidi, kan hanyar Bukuru.
Zare, allura, gam mai ƙarnin kifi.
Abin da gara ta rage, ni ke haɗa shi.

Ranar Talata ruwan Agusta ya tsare kowa,
aka kawo mini wani mai karyayyen baya,
tarihin masu bi na farko.
Ba don karatu ake biyana ba,
amma ido ba ya jin bari.

A ƙasar Rum, in ji shi,
aure bashi ne da gari ke bin kowa.
Kaisar na son mayaƙa, gida na son magaji.
Tuzuru ba ya cin gādon bare.
Mace in ta binne miji,
doka na tsaye bakin ƙofa tana ƙirga mata watanni,
kuma sai ta haifi uku
kafin ta sa hannu a takarda ba da waliyyi ba.

Sai ga wasu 'yan tsiraru,
majema, masaƙa, bayi, matan fatake,
suna haɗuwa a benen wata gwauruwa kafin carar zakara,
suna gutsura gurasa,
suna cewa mutum cikakke ne
ko da matashin kansa ɗaya ne a shimfiɗa.
Dangi suka ce an yi musu asiri.

Ba duka ne abin yabo ba.
Wasu sun wuce gona da iri,
suka kira aure ƙazanta,
suka bar mata da goyo, suka nufi hamada.
Dattawa suka tare su: to, ku wa ya haife ku?

Na ajiye allura.

Ni Garos, shekarata arba'in da shida.
Ran Lahadi in an ce matan zumunta su tashi,
sai zannuwa iri ɗaya su miƙe kamar gonar masara.
In an ce matasa, benci ya yi ƙara.
Ni kuwa sai in duƙufa cikin littafin waƙoƙi
kamar na yar da kwabo a ciki.
Goggo Vou kan kawo mini acca da tambaya
a ƙulli guda.

Kada a naɗa mini rawanin da ba nawa ba.
Ban yi wa kowa wa'adin zama haka ba.
Akwai Dalyop, mai gyaran injin ban ruwa a bakin tafkin kuza,
har mun kai ga lissafin awaki.
Sai uwata ta kwanta, shekara bakwai,
shi kuma ba dutsen Shere ba ne.
'Ya'yansa na gaishe ni a Farar Gada,
babbar ta ɗauko haƙoransa.

Abin da ya tsaya mini a rai
shi ne mutanen nan sun buɗe rajista,
sun rubuta sunayen matan da ba su da maigida,
ba don a tausaya musu kaɗai ba,
don an ba su aiki: addu'a, jinya, wanke ƙafar baƙo.
Wani ya zauna da alƙalami
ya tambayi kowace, yaya ake kiranki?
Bai ce matar wa ba.

Yau addu'ar unguwa a falona za a yi,
don ni ce ba ni da wanda zan nemi izninsa.
Kaneng ƙanwata za ta zo da na biyar ɗinta,
ta shimfiɗe shi a gadona,
ta yi gyangyaɗi tun ba a kai amin ba.
Wani lokaci takan dubi shirun ɗakina
kamar yadda nake duban goyonta.
Ba mu taɓa faɗa wa juna ba.

Na ja zare, na ƙulle, na cije.
Na ɗora wa littafin dutse don gam ya kama.
Ruwa ya ɗauke.
Mutum goma sha biyu ne, in Baba Choji ya samu mota.
Burodi biyu ba zai isa ba.