Tukunyar Dusa

Kakata Tokie tana riga zakara tashi
a ƙauyenmu na bakin teku, can arewacin Akita,
inda dusar ƙanƙara ke toshe ƙofa wata huɗu.
Dusa a waje, dusa a ɗaka:
ta wajen fara ce, ba ta da amfani,
ta ɗakan ta shinkafa ce, a tukunya, ƙarƙashin daɓe.
Ita take fara gaisarwa kafin kowa,
ta tura hannu har wuyan riga, ta juya, ta juya,
kamar mai lalube guga a rijiya.

"Dusar nan ta girmi babanki," in ji ta.
"Surukata ta miƙo min ita ranar da na shigo gidan nan,
ko murmushi ba ta haɗa da shi ba.
Ki manta da ita kwana uku, ta yi fushi, ta yi tsami."
Sai ta zaro kokwamba, ta zaro yalo,
ta yanka su sirara, ta jera kamar mai ƙirga kuɗi.

Karin kumallonmu bai fi haka ba:
shinkafa ɗan ƙoƙo, ba mai, ba yaji,
romon miso, daddawar waken suya,
ganyen teku na iyo a samansa,
kifi guda, gasasshe, tsawon tafin hannu.
In na miƙa tsinkena neman ƙari, ta taɓa min yatsa:
"Ciki ɗaki goma ne, Chizuru.
Cika takwas. Bar wa numfashi biyu."

Wata bazara baƙi suka zo daga Tokyo,
da kyamara, da sikeli, da farar riga.
Suka auna kifinta, suka shinshina tukunya.
"Iya, shekara casa'in da ɗaya, ba sanda!
Mene ne sirrin?"

Ta yi dariya da haƙoranta huɗu.
"Sirri? Babu ce, ɗana.
Bayan yaƙi, nama sai a mafarki.
Abin da teku ya tofar, shi muka tsinta.
Yau kun raɗa masa suna lafiya,
mu da muka ci, talauci muke kiransa."

Ta nuna hoton da ke jingine kusa da turare.
"Ga Sakuji. Shekara talatin kwanonmu ɗaya.
Gishirin da ya tsare mana kabeji har sanyi ya wuce,
shi ya tsinka masa jijiya a ka,
yana hamsin da huɗu, yana ɗinkin taru.
Rubuta wannan ma."
Saurayin ya dubi ƙasa, ya rufe alƙalami.
Da shirin ya fito, kifin kawai aka nuna.

Yanzu ina Sendai, hawa na tara,
ina cin abincin leda a tsaye, ƙarfe goma na dare.
Bara hannunta ya fara rawa,
ta naɗe tukunyar a tsohon zane,
na rungumo ta a jirgin ƙasa kamar jaririya.

Likita ya ce in rage gishiri, na rage.
Kokwambar ta fito lami, ba ta san ni ba.
Makon jiya aiki ya sha kaina, kwana huɗu ban leƙa ba;
da na ɗaga murfi, wari ya mare ni.

Na kira ta, ina ƙoƙarin ɓoye kuka.
Ta yi shiru, ina jin teku a bayanta.
"Kwashe na saman, ki zubar," in ji ta.
"Ƙara gishiri, kaɗan, kar ki gaya wa likita.
Sannan ki tura hannu har ƙasa,
ki ba ta haƙuri.
Ke kin ci wani abu yau?"