Sitiyarin Falo

Shekara talatin da ɗaya ina murza sitiyarin tirela,
Kano zuwa Fatakwal, albasa a baya, barci a ido,
ban taɓa tambayar yaron mota ina giya ta biyu take ba.
Yau ga ni a falona a Gwammaja,
wani abu da bai kai tsawon goyon masara ba
ya sa na kira 'yata sau uku kafin la'asar.

Rumasa'u ce ta jawo mini.
Ta ɗauko tsohuwar kwamfutar ofishinsu, wadda aka ce ta gaji,
ta kai ta Titin Bairut aka ƙara mata ciki,
ta kwantar da ita bayan talabijin kamar kaza a kan ƙwai,
ta juye mata duk kaset ɗin da ke kwalin ƙarƙashin gado:
tafsirin azumi, dambe, bikin yayyenta, sunan jikoki.
Ta miƙo mini rimot, ta ce, "Baba, ga sitiyarinka."

Wannan?
Maɓallai sun fi arba'in, kowanne kamar ƙwayar wake,
ni kuwa babban yatsana da hon ya saba.
In nufi ɗaya, in taka uku.
Ranar farko dambe na nema,
allon ya yi shuɗi, ya cika da Turanci,
ya kafe mini kamar mota a hawan Riyom.

Sai ta ɗauko jan farcenta
ta ɗiga wa guda biyar:
kunna, sama, ƙasa, shiga, fita.
"Sauran, Baba, ba hanyarka ba ce."
Na naɗe shi a leda, na ɗaure da kyauro,
saboda Nafi'u da hannunsa na alewa.

Mako biyu, hannu ya faɗa.
Daga kishingiɗe nake ba da oda,
malam ya ɗaga murya, ɗan dambe ya jira in gama shayi.
Har maƙwabcina Alhaji Tasi'u ya shigo kallo,
na hana shi taɓawa.
Mota ɗaya, direba ɗaya.

Wata Laraba na gangara ƙasa, ƙasa, fiye da inda na saba,
na shiga sunan Nafi'u.
Rumfa, kujerun roba, mata ana ta guɗa,
sai ga Yahanasu ta ratso da farantin waina,
tana ce wa mai ɗaukar hoto, "Kauce, ɗan nan, zafi gare shi."
Abin bai kai minti ɗaya ba.
Shekara huɗu rabona da muryar nan.

A ranar na yi satar hanya.
Akwai wani maɓalli mai 'yan sanduna biyu a tsaye,
babu jan farce a kansa.
Na danna.
Ta tsaya.
Ɗankwali ya zame gefe, dariya ta fito rabi,
tururin waina ya daskare a gaban fuskarta.
Matar da duk zamanmu
ban taɓa cewa tsaya ta tsaya ba,
ko da mota na jira a ƙofar gida.

Na sake ta, ta wuce. Na dawo da ita.
Kauce, ɗan nan. Kauce, ɗan nan.
Har batir ya yi sanyi,
na ɓalle murfin, na ɗan cije shi, na mayar,
ya ba ni sau biyu, ya ƙi na uku,
ya bar ta tsaye da farantin a hannu.

Ladan ya kira magariba.
Na ce mata, "To, yau ke za ki jira."
Kafin in dawo an ɗauke wuta.

Ban gaya wa Rumasa'u ba,
kada ta ce na bar hanyar da ta shata.
Na aiki Nafi'u kantin Sale ya sayo batir biyu,
na zauna a duhu, rimot a cinya, sauro a kunne,
yatsana a kan sandunan nan,
ina sauraron lokacin da yaran layi
za su kwashe da ihu an kawo.